Ɗauri Kafin Hukunci: Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu da Gyaran Shari'ar Laifuka a Najeriya

A gidajen yarin Najeriya, waɗanda yanzu ake kira gidajen gyaran hali, kusan mutum biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba. Alƙaluman hukumar da ke kula da gidajen sun daɗe suna nuna haka, har zuwa 'yan shekarun nan da yawan mazauna ciki ya kai wajen dubu 80. Nan ne fafutukar gyaran shari'ar laifuka a Najeriya ta sha bamban da ta ƙasa irin Amurka, inda ƙungiyoyi suka fi dukufa kan tsawon ɗaurin da doka ta tilasta wa alƙali ya yanke, musamman a laifukan ƙwaya. A Najeriya wahala tana riga hukunci zuwa. Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun yi nasarar sauya rubutacciyar doka fiye da yadda ake yaba musu, amma dokar da suka samo ba ta rage masu jiran shari'a yadda aka yi zato ba, domin ɓarakar tana ofishin 'yan sanda da kotun majistare, ba a ƙofar gidan yari ba.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, ko kwana biyu in babu. 'Yan sanda sun daɗe da samo hanyar cika wannan sharaɗi a baki kawai. Sai su gurfanar da wanda ake zargi da fashi ko kisa a gaban majistare, alhali majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi. Abin da zai iya kawai shi ne ya ce a ajiye shi a gidan yari har a ji shawarar ofishin gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a ta jiha. Daga nan makomar mutum ta rataya a kan fayil. Fayil ɗin yana iya kwana a aljihun tebur don ba a sami kuɗin kwafarsa ba. Ana iya sauya wa ɗan sandan da ya yi bincike wurin aiki zuwa wata jiha. Ranar zaman kotu ta zo, a ce motar kai fursunoni babu mai. Ranar da aka sami mai, shaida bai zo ba. Ko a ƙananan laifukan da ake ba da beli, sharaɗin yakan zama mai tsayawa ya kasance babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili a cikin gari, abin da ɗan dako ko mai tura ruwa ba shi da hanyar samu. A 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta halatta wa majistare bayar da umarnin ajiya a irin wannan yanayi, kuma dokar da aka yi hukuncin a kanta ba ta sa wa ajiyar wa'adi ba.

Tun zamanin soja ƙungiyoyi suka fara tona wannan al'amari. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO, wadda Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo suka kafa a Legas a 1987, ta fitar da rahoto kan halin gidajen yari a farkon shekarun 1990. A 1994 Uju Agomoh ta kafa PRAWA, wadda aikinta kacokan ya shafi fursunoni da gyaran tsarin ɗauri, sannan Innocent Chukwuma ya kafa CLEEN a 1998 don sa ido kan aikin 'yan sanda. Sanarwar Kampala ta 1996 da ta Wagadugu ta 2002 sun ba su ma'aunin da ƙasashen Afirka da kansu suka amince da shi, don haka gwamnati ba ta iya cewa ra'ayin Turawa ne. Sun kuma bi ta kotu: a 2012 kotun ECOWAS ta yanke cewa tsare wani mutum a Legas tun 2003 ba tare da shari'a ba ya saɓa wa haƙƙinsa, ta ba da umarnin a sake shi.

Babbar ribar wannan gwagwarmaya ita ce dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa, bayan Legas ta riga ta yi tata tun 2007. Dokar ta ɗora wa ajiya wa'adi: kwana 14 a karon farko, ana iya sabuntawa, amma daga baya sai hukuma ta zo ta kawo dalili, kuma jimillar ba ta cika wata biyu ba. Ta haramta kama ɗan'uwa ko mata a madadin wanda ake nema, ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta tabbatar cewa mace na iya tsaya wa mutum beli. Ta iyakance ɗage shari'a, ta kuma ba alƙali damar yanke ɗaurin talala ko aikin yi wa al'umma hidima a maimakon kurkuku. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta kafa mata sashen kula da hukuncin da ba na kulle ba. Dokar ta ba shugaban gidan yari ikon ƙin karɓar sabon mutum in gidan ya cika aka kuma sanar da hukumomin shari'a ba su yi komai ba. Ta kuma ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 yana jira, tanadi mai muhimmanci a ƙasar da sama da mutum 3,000 ke ɗakin jiran kisa, gwamnoni kuwa ba kasafai suke sa hannu ba.

A takarda, wannan ya isa. Dalilin da bai isa a aikace ba yana cikin yadda aka raba iko. 'Yan sanda na tarayya ne. Mafi yawan laifuka, da kotunan da ke sauraronsu, da lauyoyin da ke gabatar da ƙara, na jiha ne. Gidan yari da abincin da ake ci a cikinsa kuwa tarayya ce ta daɗe tana ɗaukar nauyinsu. Ma'ana, jihar da jinkirinta ya sa mutum ya shekara uku a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ba ta biyan ko kwabo a kan hakan. Dokar 2015 ma ba ta aiki a kotunan jiha sai jihar ta yi tata. Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019. Sannan alƙalin da ya so yanke wa mutum sharar asibiti na wata uku yana buƙatar jami'in da zai tabbatar an yi sharar. Inda babu wannan jami'i, alƙali yakan koma ga abin da ya saba: tara ko ɗauri.

Tara ita ce ta buɗe ƙofar aikin da ya fi farin jini, wato biya wa fursunoni kuɗi a sake su. Attajirai da 'yan siyasa da ƙungiyoyin addini suna yi, musamman da azumi da sallah. A Nuwamba 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da Naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. Sadaka ce mai lada, kuma wanda ya koma gidansa ba zai raina ta ba. Sai dai in aka raba kuɗin, kowane mutum bai kai Naira dubu 150 ba, abin da ke nuna talauci ne ya tsare su, ba girman laifi ba. Biyan tarar kuma bai taɓa masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawa, tunda ba a yanke musu komai ba balle a biya. Ya yi kama da kwalfe ruwa daga ɗaki alhali rufin yana yoyo. Ƙungiyoyin da suka gane haka sun koma neman a cire ƙananan laifuka daga kundin hukunci ɗungurungum. A Disamba 2020 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ba da fatawar cewa dokokin da ke hukunta mutum don zaman banza ko gararamba sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar.

Aikin da ya fi tasiri ba shi da armashi a idon 'yan jarida. Sashe na 34 na dokar 2015 ya wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli ko ya sa a kai mutum kotu. Akwai kuma tsarin lauyan da ke zuwa ofishin 'yan sanda ya gana da wanda aka kama tun kafin a ɗauki bayaninsa, wanda hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati ke gudanarwa tare da ƙungiyoyi. A Malawi, tun 2000 aka horar da mutanen da ba lauyoyi ba suna shiga gidajen yari suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya, suna nemo dangin da za su tsaya beli, kuma wasu ƙasashe sun kwaikwaya. Mutumin da aka sallama a kwana na biyu bai rasa aikinsa ba, bai rasa hayar ɗakinsa ba, kuma gwamnati ba ta ciyar da shi ba.

Ƙungiyoyin su ma suna da nasu rauni. Yawancin kuɗinsu daga waje yake zuwa, shiri na shekara biyu ko uku, kuma ranar da tallafi ya ƙare ziyarar takan tsaya. Manyansu suna Legas da Abuja da Inugu, bayanansu da Turanci. A Arewa, inda garkuwa da mutane da ƙwacen waya suka addabi jama'a, duk mai maganar haƙƙin fursuna ana iya ɗaukarsa mai goyon bayan ɓarayi, kuma ba za a ga laifin wanda aka yi wa ɓarna ba in ya ji haka. Amma al'ummar da ta san sulhu da diyya da afuwa a shari'ar Musulunci ba baƙuwa ba ce ga hukuncin da ke mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ba tare da kulle ba. Ƙungiyoyin ba su ci moriyar wannan tushe yadda ya kamata ba, ko da yake zaurukan sulhu da masu unguwanni suna kashe rigingimu da yawa kafin su isa caji ofis.

A Maris 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, aka mayar da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da iko a kai tare. Jihar da ta gina nata gidan za ta ɗauki nauyin ciyar da duk wanda kotunanta suka ajiye, don haka jinkirin fayil zai fara bayyana a kasafin kuɗinta. Akwai kuma fargabar gwamna ya sami wurin ajiye 'yan adawa. Ko ta wane gefe aka duba, fagen fafutukar ya tashi daga Majalisar Tarayya ya koma majalisun jihohi 36, da ofisoshin kwamishinonin shari'a, da kwamitocin sa ido da dokokin jihohi suka tanada, waɗanda da yawansu ba su da isasshen kuɗin gudanarwa.