Raguwar Wasan World of Warcraft da Ra'ayoyin Masu Yinsa

Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fito da World of Warcraft cikin shekarar 2004, watau wasan da dubban mutane kan yi tare ta intanet, kowa daga ɗakinsa. A 2010 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 12. Ya zuwa 2015 sun koma miliyan 5 da rabi, daga nan kuwa kamfanin ya daina bayyana yawansu.

Bakin masu wasan bai zo ɗaya ba a kan dalili. Waɗansu sun ce girma ne ya cim musu, aiki da iyali suka cinye lokacinsu. Amma kukan da ya fi nauyi shi ne na zumunci. A da, mai son shiga kogon dodanni sai ya nemi abokan tafiya da kansa, wanda ya ɓata sunansa kuwa a guje shi. Da aka kawo wata dabara a ƙarshen 2009 mai haɗa baƙi nan take, wahala ta ragu, sanin juna ma ya ragu tare da ita.

A 2016 Blizzard ya sa aka rufe Nostalrius, inda waɗansu masu sha'awa ke gudanar da tsohon wasan ba da izini ba. Mutum fiye da dubu 200 suka sa hannu a takardar koke. Kamfanin da a da ya ƙi sauraronsu ya sake fito da tsohon wasan a 2019, da sunan Classic. Ran da aka buɗe shi, waɗansu sai da suka yi sa'o'i suna jiran shiga.