Buruyon makaɗa: tarihin faifan Westing na ƙungiyar Pavement

Ranar 17 ga watan Janairu na shekarar 1989, a garin Stockton na jihar Kaliforniya ta Amurka, wasu samari biyu abokan ƙuruciya, Stephen Malkmus da Scott Kannberg, suka shiga wani ɗan ɗakin ɗaukar sauti da wani mutum mai suna Gary Young ya haɗa a gidansa, suka ɗauki waƙoƙi biyar cikin awa huɗu. Kuɗin aikin dala 800 ne, dalar Amurka ba tamu ta tamma biyar ba, kuma rance ne Kannberg ya karɓo daga wurin mahaifinsa. Suka buga faifai 1000, suka sa masa suna Slay Tracks: 1933–1969, suka kira ƙungiyarsu Pavement. Ba su ko rubuta sunayensu na gaskiya a bango ba: ɗaya ya kira kansa S.M., ɗayan kuma Spiral Stairs. Malkmus, wanda ya karanci tarihi a jami'ar Bajiniya, ya kama hanyar yawon duniya ya bar abokinsa da ɗawainiyar aika faifan ta gidan waya zuwa ga ƴan jaridu da masu shaguna.

Shekara huɗu bayan haka, a watan Maris na 1993, kamfanin Drag City na birnin Shikago ya tattara waɗannan waƙoƙi biyar da wasu goma sha takwas da suka biyo bayansu, ya fitar da su a faifai guda mai dogon suna: Westing (By Musket and Sextant). A kan wannan tarin nake so in yi magana, domin ina ganin takardar tarihi ce kafin ta zama abin saurare, kuma malamin da ya saba duba takardun gwaji na ɗalibai, waɗanda ƴan lakwal ke kira buruyo, zai gane ta tun kafin masanin kiɗa.

Ya kamata a fara da bayanin duniyar da aka haifi waɗannan waƙoƙi a cikinta. A shekarun 1980 kasuwar kiɗa ta Amurka tana hannun manyan kamfanoni ƙalilan, su ke da kuɗin ɗakunan ɗaukar sauti, su ke da hanyar shiga gidajen rediyo da talabijin. A gefensu kuwa wata ƙaramar kasuwa ta tsiro, ta makaɗan rok masu cin gashin kansu, waɗanda Turawa ke kira indi. Ƙananan kamfanoni ne na mutum ɗaya ko biyu, da gidajen rediyon jami'o'i da ɗalibai ke gudanarwa, da ƴan mujallu da masoya ke bugawa da injin kwafi su rarraba hannu da hannu. Faifan wannan kasuwa shi ne ƙaramin faifan garmaho mai inci 7, wanda ba ya ɗaukar fiye da ƴan mintoci a kowace fuska. Ana buga ɗari biyar ko dubu, in ya ƙare ya ƙare. Wanda bai samu ba sai ya roƙi aboki ya juye masa a kaset.

Cikin wannan yanayi faifan Slay Tracks ya yi wata tafiya da masu shi ba su tsara ba. Ya kai Ingila, ya shiga hannun ƙungiyar The Wedding Present ta garin Leeds, wadda ta sake rera waƙar "Box Elder" ta fitar da ita a 1990. Shahararren mai gabatar da shiri na BBC, John Peel, ya riƙa sa ta a rediyo, ya kuma nemi ta asalin. Wato Ingilishi da dama sun ji waƙar Pavement daga bakin wasu kafin su san akwai Pavement. A Shikago kuma Dan Koretzky, wanda ke kafa Drag City tare da abokinsa Dan Osborn, ya nemi samarin. Daga nan aka samu Demolition Plot J-7 mai waƙoƙi shida a 1990, da Perfect Sound Forever mai waƙoƙi bakwai a faifan inci 10 a 1991, sai ƙaramin faifan Summer Babe mai waƙoƙi uku a wannan shekarar. In aka ƙara waƙoƙi biyu da suka fito manne da mujallun masoya, ɗaya daga cikinsu a wani faifan roba mai laushi kamar takarda, lissafi ya cika ashirin da uku. Su ke nan abin da Westing ya ƙunsa, an jera su kusan bisa tsarin fitowarsu.

Mai saurare na farko zai iya zaton na'urarsa ce ta lalace. Sautin cike yake da shuu irin na rediyon da bai kama tasha ba, jita tana ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti, murya tana can ƙasa a binne, wasu waƙoƙin ba su kai minti biyu ba, wasu ma ba waƙoƙi ba ne, guntayen hayaniya ne da aka ba suna. Rabin wannan talauci ne na kayan aiki, rabi kuwa zaɓi ne. Samarin sun sha sauraron ƙungiyoyin Ingila irin su The Fall da Swell Maps, waɗanda suka ɗauki rashin gogewa a matsayin salo, har jagoran The Fall, Mark E. Smith, ya yi ta zargin Pavement da satar fasaharsa. Zargin yana da ƙamshin gaskiya ga wanda ya saurari faifan, kamar yadda malami kan gane littafin da ɗalibi ya karanta daga yadda ya gina jimlarsa. Sai dai a ƙarƙashin hayaniyar akwai abin da ba a aro ba, wato kunnen Malkmus na tsara kari mai daɗi wanda ke maƙalewa a ka. A "Box Elder" ya fito fili tun ranar farko. A "Debris Slide" yana kokawa da ƙara. A "Summer Babe" ya yi rinjaye, kuma daga nan ƙungiyar ta san hanyarta.

Gary Young ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1953, ya girmi samarin da shekara goma sha uku ko fiye, kuma da farko mai ɗaki ne kawai da aka biya kuɗin haya. Da ya ga ba su da mai ganga sai ya zauna ya buga musu, ya zama ɗan ƙungiya ba tare da an yi shawara ba. Bugunsa yana da sauri da ƙwarewa irin ta tsohon hannu, shi ne ke riƙe da ginin lokacin da jitocin ke neman rushe shi. Amma a dandali ya zama abin damuwa: yakan bar ganguna ya tsaya da hannuwa ƙafafu sama, yakan tsaya bakin ƙofa yana raba wa ƴan kallo kabeji, ga kuma shaye-shaye. A shekarar da Westing ya fito suka rabu, Steve West ya gaje shi. Saboda haka tarin ya zama kamar rufe babin Stockton da ɗakin Gary Young. Ya rasu a watan Agusta na 2023.

Me ya sa aka yi tarin a 1993? Amsar kasuwa ce. A watan Afrilu na 1992 kamfanin Matador na New York ya fitar da cikakken faifansu na farko, Slanted and Enchanted, ƴan watanni bayan Nevermind na Nirvana ya buɗe wa kiɗan gefe ƙofar babbar kasuwa. Masu sharhi suka yaba, ya zo na biyu a zaɓen shekara na masu sharhi da jaridar Village Voice ke shiryawa. Sabbin masoya suka shiga neman tsofaffin faifan da aka buga dubu ɗaya kacal, farashinsu ya tashi a hannun masu tarawa. Drag City, wanda ƙungiyar ta bari ta koma Matador, yana da haƙƙin mafi yawansu, kuma ƙaramin kamfani yana bukatar kuɗi. Ba na ganin laifi a nan. Abin yabo shi ne ba a wanke sautin ba, ba a fitar da waƙoƙin da ba su nuna ba don a ƙawata tarihi. Ɗakin karatu na birnin Rouen yana ajiye da dubban shafukan buruyon Madame Bovary da Flaubert ya yi ta sokewa yana sakewa, kuma darajarsu tana cikin soke-soken. Da an kwafe su da kyakkyawan rubutu da ba su koya wa kowa kome ba.

A gaskiya ba duk waƙoƙin Westing ne zan ce a saurara sau biyu ba. Kashi ɗaya cikin uku, a kunnena, wasan samari ne da suka samu na'ura. Amma wanda ya tattara ba shi da ikon sanin wace za ta rayu, mawaƙin kansa ma ba shi da shi, kuma tarihin Pavement ya tabbatar da haka ta hanya mai ban dariya. Ƙungiyar ta fitar da cikakkun faifai biyar, ta watse a ƙarshen 1999, ta sake haɗuwa don zagayen wasanni a 2010 da 2022. Akwai wata waƙa, "Harness Your Hopes", da suka ɗauka lokacin aikin faifan Brighten the Corners na 1997, suka ga ba ta isa shiga ba, suka jefa ta cikin wani ƙaramin faifai a 1999, aka sake tsinto ta a tarin ragowar waƙoƙi na 2008. Daga 2017 na'urar zaɓen waƙa ta Spotify ta riƙa miƙa ta ga masu saurare, daga baya matasan TikTok suka ɗauke ta suna rawa da ita, ta wuce duk waƙoƙin da ƙungiyar ta zaɓa da hannunta. Malkmus ya ba da labarin cewa ya ji ta a wani shagon burodi bai gane tasa ba ce nan take. A 2024 ta samu shaidar faifan zinariya a Amurka, abin da babu waƙarsu da ta samu a shekarun da suke tashe.

Wannan labari ya iso ƙofar gidanmu ta hanyar Matador ɗin nan. A 2008 wani makaɗin jita ɗan jihar Tawa, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko da harshen Tamashek, a faifan Anar. Ba su bi ta shago ba, sun yaɗu ne daga salula zuwa salula ta Bluetooth da ƴan katunan ajiya, yadda Slay Tracks ya yaɗu ta gidan waya da kaset. Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya a wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds a 2011. A 2021 Matador ya fitar da Afrique Victime, a 2022 kuma ya fitar da Niger EP kashi biyu, tarin abubuwan da aka ɗauka a nan ƙasar tsakanin 2017 da 2020, a wuraren biki da zaman gwaji, da hayaniyar jama'a a ciki ba a share ta ba. Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu na al'adu su lura da shi shi ne inda aka yi tattarawar: Portland da New York. Katin salula kuwa bai kai faifan garmaho jure shekaru ba, waya ɗaya ta faɗa ruwa ta tafi da abin da ke cikinta.

Sunan tarin ma na masu tarihi ne. Kalmar farko ta matuƙan jirgin ruwa ce, tana nufin nisan da aka ci zuwa yamma, sauran kuma bindigar toka ce da na'urar da matuƙa ke auna tsayin rana da taurari da ita don su san inda suke. Kayan aikin Turawan da suka kutsa yammacin Amurka ke nan, kuma Stockton tana ƙarshen wannan tafiya, gari ne da ya girma da neman zinariyar Kaliforniya daga 1849. Ɗalibin tarihin nan kuwa, lokacin da waɗannan ƙananan faifai ke fitowa, aikin gadi yake yi a gidan adana zane-zane na Whitney a New York, yana tsaye yini guda yana tsaron ayyukan wasu.