Kafin main: tarihin 'yan layukan da ke tada manhaja

1/ Duk wanda ya fara koyon yaren C an gaya masa cewa manhaja daga main take farawa. Mu ma haka aka koya mana a aji ɗaya a jami'a. To, kafin main ta motsa, akwai wasu 'yan layuka da suka riga suka gama aikinsu. Ga tarihinsu, ku biyo ni.

2/ Ku ɗauki noman rani a fadamar Wurno ko bayan madatsar ruwa ta Goronyo. Ba wanda ke zuwa da irin albasa ya dasa kai tsaye. Sai an share ragowar bara, an yi fangali, an buɗe hanyar ruwa. Dashen shi ne main, sharar da gyaran kuwa aikin layukan farko ne.

3/ Matsalar ta girmi iyayenmu. Kwamfuta tana buƙatar umarni kafin ta karanta umarni. To wa zai ba ta na farkon?

4/ Ranar 6 ga Mayu 1949, kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta gudanar da aikinta na farko. Maurice Wilkes ne shugaban aikin, amma wani ɗalibinsa ɗan shekara 22, David Wheeler, shi ya rubuta umarni 31 da aka ɗaure a jikin na'urar. Aikinsu ɗaya: su karanto sauran umarnin daga tef ɗin takarda mai huje-huje. Sa'anmu ne fa.

5/ A shekarun 1970, masu aiki da kwamfutar PDP-11 da yawa da hannu suke shigar da layukan farko, suna ɗaga maɓallan gaban na'urar ɗaya bayan ɗaya. Ka kuskure ɗaya, ka koma farko.

6/ A ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka, Ken Thompson ya fara Unix a 1969, Dennis Ritchie kuma ya ƙirƙiro C wajen 1972. Sai dai C ba ta iya tada kanta. Don haka suka rubuta wani ɗan fayil da yaren na'ura, sunansa crt0. Shi ke karɓar kalmomin da ka rubuta bayan sunan manhaja, ya jera su, ya kira main, in main ta gama ya rufe. Har yau ana amfani da sunan.

7/ Sai 1981, IBM ta fito da kwamfutarta ta PC. Kana kunna ta, BIOS zai ɗauko bayit 512 na farkon faifai, ya ajiye su a adireshi 0x7C00, ya miƙa musu ragama. Bayit 512 bai kai saƙon tes huɗu ba, amma shi ke tada komai.

8/ Ɓarayi ma sun gane haka. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Fakistan suka rubuta Brain, ƙwayar cutar farko da ta bazu a irin waɗannan kwamfutoci. A wannan wurin farkon faifai ta ɓuya. Wanda ya riga kowa tashi shi ke da iko da gida, shi ya sa wayoyin yanzu ke duba sa hannun kowane mataki kafin su ba shi dama.

9/ Yau a Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ga yadda ake yi. Tsarin yana buɗe fayil ɗin manhaja, ya duba adireshin shiga da aka rubuta a kansa, ya tafi can. Wurin sunansa _start. Shi kuma ya kira __libc_start_main, ta shirya ɗakin karatun C, sannan a kira main. Wayar Android da ke hannunka a Rabah kan Linux take, sunayen ne kawai suka ɗan bambanta.

10/ A ƙananan na'urori abin ya fi tsauri, don da yawansu ba su da wani tsari a ƙarƙashinsu. Ina nufin irin guntun da ke cikin inbata, mitar wuta, ko na'urar famfon sola. A guntun ARM Cortex-M, lamba ta farko a ma'adana ita ke nuna wurin ajiyar wucin gadi, ta biyu kuma adireshin layin da za a fara da shi.

11/ Daga nan aiki uku ne: a kwafo ƙimomin farko daga filash zuwa RAM, a cika yankin da ake kira bss da sifili, a kira main. Sunan bss ɗin ma tun zamanin IBM 704 yake, a shekarun 1950.

12/ Me zai faru in ba a share bss ba? Yaren C ya yi maka alkawarin cewa irin waɗannan lambobin daga sifili za su fara. In aka tsallake sharar, ma'aunin da ke ƙirga wuta ko kuɗi zai fara da duk tarkacen da ya tarar a RAM. Na'ura za ta kunna lafiya lau, lissafi kuma ya karkace, ba wanda ya sani.

13/ Shi ya sa nake ganin bai kamata mu tsaya a koyon gina shafin intanet kaɗai ba. Sola da POS sun cika garuruwanmu, amma masu iya karanta abin da ke cikin guntunsu ba su da yawa. In na'ura ta maƙale tun kafin ta nuna komai a fuska, nan ne wurin fara bincike.

14/ Ga aikin gida. Rubuta ƙaramar manhajar C a Linux, ka haɗa ta da gcc. Buga readelf -h ka ga adireshin shiga, sannan ka buga nm ka nemo adireshin main. Za ka ga lambobi biyu daban. Wanda ya gwada ya turo hoton a ƙasa, mu duba tare.