Zare: Frank Church, sanatan da ya tona asirin masu leƙen asiri

1/ Jama'a, yau tarihi zan kawo muku. Labarin wani sanata ne a Amurka da ya zaunar da CIA da FBI a gaban kwamiti, ya ce su zo su yi bayanin abin da suke aikatawa a ɓoye. Sunansa Frank Church. Ku biyo ni a hankali, akwai abin ɗauka a ciki.

2/ Church ɗan jihar Idaho ne, ɗan jam'iyyar Democrat, lauya. Ya ci zaɓen Majalisar Dattawa a 1956 yana da shekara 32 kacal. Tun kafin wannan batu an san shi da taurin kai, don yana cikin waɗanda suka fito fili suka soki yaƙin Vietnam alhali shugaban jam'iyyarsu ne ke kan mulki.

3/ Yadda abin ya faro: a Disamba 1974 ɗan jarida Seymour Hersh ya buga rahoto a New York Times cewa CIA tana bibiyar 'yan ƙasa a cikin gida, abin da doka ba ta ba ta dama ba. Ƙasar ma ba ta gama farfaɗowa daga badaƙalar Watergate ba. A Janairu 1975 majalisa ta kafa kwamitin sanatoci 11, Church ne shugaba.

4/ Abin da suka tono kuwa, sai wanda ya gani. CIA ta shafe kusan shekara 20 tana buɗe wasiƙun mutane, sama da 200,000. Hukumar NSA kuma tun 1945 ake kwasar kwafen saƙonnin telegram daga hannun kamfanoni, aikin da ta gada ta ci gaba da shi har 1975. Duk babu izinin kotu.

5/ Ita kuma FBI tana da wani shiri, COINTELPRO, daga 1956 zuwa 1971. Aikinsa kutsawa cikin ƙungiyoyi, haɗa husuma, ɓata sunan mutane. A 1964 sun aika wa Martin Luther King wasiƙa ba suna, haɗe da faifan da suka naɗa a ɓoye. King ya fahimci so ake ya kashe kansa. Hukumar gwamnati fa ke nan!

6/ Ga inda ya shafe mu 'yan Afirka. Rahoton kwamitin na Nuwamba 1975 ya tabbatar cewa a 1960 CIA ta aika guba Kongo don a kashe Patrice Lumumba. Ba a kai ga amfani da ita ba. An harbe shi a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961, kuma kwamitin ya ce bai samu hujjar hannun CIA kai tsaye a kisan ba. Amma niyyar dai ta fito fili, da hatimin majalisarsu.

7/ Fidel Castro kuwa, sun gano aƙalla makirci 8 na halaka shi tsakanin 1960 da 1965, har da haɗa baki da 'yan Mafia. A wani zama a Satumba 1975, Church ya ɗaga wata bindiga mai harba allurar guba a gaban kyamara, shugaban CIA William Colby na zaune yana kallo.

8/ To, tonon silili kaɗai ba ya gyara ƙasa. Me ya biyo baya? A Fabrairu 1976 Shugaba Ford ya sa hannu kan umarnin da ya haramta wa ma'aikatan gwamnati kisan siyasa. A shekarar ne Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin dindindin mai sa ido kan hukumomin leƙen asiri. Har yau yana nan.

9/ Babban sauyin shi ne na 1978, dokar FISA. Ita ta kafa kotu ta musamman: in gwamnati na son sauraren wayar wani a cikin ƙasa da sunan tsaro, sai ta je gaban alƙali ta nemi izini. Alƙalin Alƙalai ne ke zaɓo alƙalan, da farko su 7, a 2001 aka mai da su 11. A da, ɓangaren zartarwa shi ne mai ƙara, shi ne alƙali.

10/ Amma kar mu yi wa kanmu ƙarya, gyaran bai cika ba. Kotun a asirce take zama, galibi lauyoyin gwamnati kaɗai take saurara, kuma da wuya ta ƙi buƙata. A 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa ita ce ma ta amince NSA ta tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane. Mai gadi ya koma mai buɗe ƙofa.

11/ Abin mamaki, tun a Agusta 1975 Church ya yi gargaɗi a talabijin cewa in aka juya na'urorin NSA kan 'yan ƙasa, ba wanda zai samu wurin ɓuya. Lokacin ba wayar hannu, ba Facebook, ba komai.

12/ Shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa. Da aka kashe jami'in CIA Richard Welch a Athens a Disamba 1975, abokan hamayya suka shafa wa binciken kashin kaji, duk da ba kwamitin ne ya fitar da sunansa ba. Wasu kuma suka ce neman suna yake, tunda ya shiga takarar shugaban ƙasa a 1976. Carter ne ya samu tikitin.

13/ A 1980 ya rasa kujerarsa da ratar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ya rasu a Afrilu 1984 sakamakon ciwon daji, yana da shekara 59.

14/ Me ya sa na kawo wannan? Tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta ɗauko a 1979 daga Amurka ne, kuma sashe na 88 na kundin 1999 ya ba majalisarmu ikon bincike. Ikon yana nan a rubuce. Kwamitin Church ya bar doka, ya bar kotu, ya bar kwamitin dindindin.

15/ Don haka in an ce muku an kafa kwamitin bincike, kar ku tsaya kan ihun da aka yi a zaure. Ku tambaya: ina rahoton? Wace doka ta canza? Ku faɗa min a ƙasa, wane bincike kuka tuna da ya kai ga haka?