Tarihin Rarrabe Kalmomi a Kwamfuta da Matsayin Baƙaƙen Hausa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun yadda aka koya wa kwamfuta rarrabe kalmomi a cikin rubutu, sa'an nan a duba abin da hakan ya haifar wa Hausa.

Da farko, ya kamata mu tuna cewa barin fili tsakanin kalmomi ba tare da rubutu aka haife shi ba. Girkawa da Rumawan dā sun daɗe suna jera haruffa babu tazara, sai wajen ƙarni na 7 da na 8 marubutan Ailan suka yaɗa al'adar raba kalmomin Latin. Har yau Sinanci da Japananci ba sa barin wannan fili.

A shekarar 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, mai gurbin alamomi 128 kacal, waɗanda suka ishi Ingilishi. Wajen 1972 Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, wanda ya ɗauki kowane harafi a matsayin bayit ɗaya, watau gurbi 256 ke nan iyaka. A ƙa'idar C ta 1989 akwai umarnin strtok, wanda ake ba shi jimla da jerin alamomin yanka, kamar fili da waƙafi da aya, ya riƙa miƙo gutsure ɗaya bayan ɗaya. Illarsa ita ce yana ɓoye inda ya tsaya a cikinsa, don haka ba ya iya bin jimloli biyu a lokaci guda.

To, amma harsuna masu dubban haruffa ba su shiga gurbi 256. Wannan ne ya sa aka tanadi harafi mai faɗi, wanda ya fi bayit ɗaya. A 1991 tsarin Unicode ya bayyana da bit 16, watau gurbi 65,536, kuma a 1996 aka faɗaɗa shi ya haura miliyan ɗaya. A gyaran ƙa'idar C na 1995 ne aka shigo da wcstok domin yanka irin wannan rubutu, aka kuma mayar da ajiye matsaya hannun mai tsara manhaja. Sai dai faɗin harafin bai zo ɗaya ba: bit 16 ne a Windows, 32 a Linux.

A nan ne zancen ya shafe mu. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga bokon Hausa a shekarun 1930, ba su da gurbi a ASCII, sai Unicode ya ba su. Duk da haka, samun gurbi bai kashe magana ba, domin wcstok bai san nahawu ba, abin da aka lissafa masa kurum yake bi. Idan aka sa hamza cikin alamomin yanka, "ma'ana" za ta rabe zuwa "ma" da "ana". Idan aka sa karan ɗori, "maza-maza" za ta koma "maza" sau biyu, gaggawa ta zama taron mazaje.

Daga ƙarshe, duk mai shirya ƙamus ko ƙididdigar kalmomi da kwamfuta ya sani cewa iyakar kalma hukunci ne na masanin harshe. In bai yanke shi da kansa ba, ƙa'idar wani harshe ce za ta yanke masa.