Tarihin Sunayen Tattarau da Kalmomin Awo a Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe idan ya ga shanu da yawa sai ya ce garke, idan tumaki ne ma garke zai ce. Amma da zarar ɗalibi ya shiga ajin Ingilishi sai a gaya masa cewa na shanu herd ne, na tumaki flock, na karnuka pack, na ƙudan zuma kuwa swarm. Daga nan sai a miƙo masa wani dogon jeri a ce ya haddace, har da na hankaki da na mujiya. Wannan takarda za ta bi tarihin waɗannan kalmomi, waɗanda a nahawu muke kira tattarau, tare da 'yan'uwansu na awo, domin ɗalibi ya rarrabe waɗanda ake magana da su kullum da waɗanda aka ƙirƙira don ado kawai.

2.0 Kalmomin makiyaya da masunta

Rukuni na farko shi ne na kalmomin da suka taso daga sana'a. Herd da flock da swarm duk suna nan tun a Tsohon Ingilishi, wato tun kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066. Kalmar school da ake faɗa wa taron kifi ba ta da dangantaka da makaranta. Daga harshen mutanen Holan aka aro ta, inda take nufin taro. Ita kuwa cattle ta shigo ne ta Faransancin Normandawa, kuma ma'anarta ta farko ita ce dukiya, kafin ta tsaya a kan shanu. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, tunda a wurin makiyayi dukiya ita ce dabba.

3.0 Kalmomin mafarauta da fadawa

Rukuni na biyu daga fada ya fito. Bayan zuwan Normandawa, farauta ta zama wasan sarakuna da 'ya'yansu, kuma tana da nata salon magana wanda yawancinsa daga Faransanci yake. Wanda bai san sunan da ya dace da taron kowace dabba ba, sai a gane ba ɗan gidan sarauta ba ne. A ƙarni na 15 aka riƙa tara waɗannan sunaye a rubuce. Mafi shahara shi ne jerin da ke cikin littafin da ake kira Book of Saint Albans, wanda aka buga a 1486, shekara goma ke nan bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476. Littafin ya yi magana a kan farauta da shaho, da farautar daji, da tambarin gidajen sarauta, kuma ana danganta sashen farautarsa ga wata mata mai suna Juliana Berners.

Jerin ya ƙunshi sunaye fiye da 160, amma ba duka ne na dabbobi ba. Akwai na mutane, kuma da gani barkwanci ne: taron lauyoyi an ba shi suna mai nufin iya zance, na masu gyaran takalma kuwa mai nufin buguwa. Ke nan tun daga tushe akwai wasa a cikin lamarin. An sake buga littafin a 1496, sannan Gervase Markham ya sabunta shi a 1595, sai kalmomin suka yi ta yawo daga littafi zuwa littafi, ba daga baki zuwa baki ba. A 1968 wani Ba'amurke, James Lipton, ya wallafa An Exaltation of Larks, inda ya farfaɗo da su ya kuma ƙara nasa. Kaɗan ne daga cikinsu suka samu gindin zama, kamar pride na zakuna da gaggle na dinya. Amma murder na hankaki da parliament na mujiya, a kacici-kacici da kanun jarida aka fi jin su. Masanin tsuntsaye flock yake cewa.

4.0 Kalmomin kasuwa

Rukuni na uku na 'yan kasuwa ne. Dozen, wato 12, daga Faransanci take, kuma ita ce ta zama dozin a Hausa. Dozin 12, wato 144, shi ne gross. Score na nufin 20, asalinta kuwa tsaga ce da ake yi a jikin sanda wajen ƙidaya. Ream na takarda ta samo asali daga kalmar Larabci rizma, wato ƙunshi. Da can warƙa 480 ce, daga baya ta koma 500. Wannan ya nuna cewa kalma kan zauna amma adadinta ya sauya. Haka ma galan: dokar awo ta Birtaniya ta 1824 ta tsayar da nata a kan abin da ya kai lita 4.5 da ɗoriya, na Amurka kuwa bai wuce lita 3.8 ba. Mu ma mun san irin wannan, domin mudu da tiya ba girmansu ɗaya a kowace kasuwa ba, ko da yake ƙwaryar goro 100 ce.

5.0 Yadda ake amfani da su

Abubuwa biyu ne suka fi kayar da ɗalibi. Na farko, dacewar tattarau da aikatau. Mutanen Birtaniya kan ce the team are idan suna nufin 'yan wasan ɗaya-ɗaya, su ce the team is idan ƙungiyar ce dunƙule. Amurkawa sun fi riƙe tilo a duka biyun. Amma cattle da police jam'i suke ɗauka a ko'ina.

Na biyu, sunayen da ba a ƙirgawa, kamar advice da information da furniture. Ba a yi musu jam'i. Sai dai a sa musu kalmar awo, a ce a piece of advice. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci sun fi faɗawa wannan rami, domin a Faransanci ana cewa des conseils da des informations, a Hausa ma muna cewa shawarwari da bayanai. Saboda haka harsuna biyu ne suke jan ɗalibi zuwa kuskure guda.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa waɗannan kalmomi sun fito ne daga ruga da fada da kasuwa. Na ruga da na kasuwa wajibi ne ɗalibi ya san su, ya kuma bincika adadin da kowace take nufi a ƙasar da aka rubuta matanin. Na fada kuwa ya isa ya gane su idan ya ci karo da su. Mai fassara ya kiyaye kada ya ce kisan hankaki a inda ake nufin taron hankaki. A matsayin aiki, kowane ɗalibi ya tattaro kalmomi 20 na Hausa irin su ayari da dami da kashi da turmi da huhu, ya faɗi abin da kowace take tafiya da shi, da sana'ar da ta haife ta.