Kaurin Harsashi ko Ƙirarsa? Nazarin Hujjoji kan Bindigar Tsayar da Beyar Mai Kawo Hari a Alaska da Svalbard

Tsakure

Maƙalar nan ta auna hujjojin da ake kafawa wajen zaɓen bindiga da harsashin kare kai daga beyar. An dubi gwajin da Hukumar Gandun Dajin Amurka ta buga a 1983, da nazarin arangamomi 269 da aka wallafa a 2012, da ƙa'idojin Alaska da Svalbard. Matsayar maƙalar ita ce, muddin harsashi ya kai ƙarfin .30-06, ƙirarsa da saurin hannun maharbi sun fi ƙarin kauri tasiri.

Gabatarwa

Farautar beyar daban, tsayar da wanda ya yo kan mutum daban. Mafarauci yana zaɓen wuri, ya harbi huhu daga gefe, ya jira dabbar ta faɗi. Mai kare kansa ba shi da wannan sarari. Namijin beyar na tsibirin Kodiak kan kai kilo 600, kuma gudunsa na kaiwa kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a daƙiƙa. Beyar da aka harba a zuciya yana iya ci gaba da gudu na wasu daƙiƙoƙi, waɗanda sun ishe shi cim ma mutum. Abin da ke tsayar da shi nan take shi ne harsashi ya sami ƙwaƙwalwa ko laka, ko ya karya ƙashin kafaɗa. Duk waɗannan suna bayan gashi, kitse, tsoka da ƙashi mai kauri, don haka tambayar farko ita ce zurfin da harsashin zai nutsa.

Gwajin 1983

William Meehan da John Thilenius sun harba harsasai iri-iri daga yadi 15 cikin jiƙaƙƙen haɗin taɓo da garin katako. Sun auna abu huɗu: ƙarfin bugu, zurfin nutsewa, nauyin da harsashi ya riƙe bayan bugu, da yadda kansa ya baje. .458 Winchester Magnum ne ya zo kan gaba, kuma .460 Weatherby, .375 H&H da .338 Winchester Magnum suna cikin na sahun farko. Ƙaramar bindigar hannu ta .44 Magnum kuwa, sun ɗauke ta a matsayin ta ko-ta-kwana kawai.

An fi yawan ambaton wannan jeri, amma a ganin marubucin nan darasin gwajin yana wani wuri. Wasu harsasai masu tsananin gudu sun tarwatse da suka bugi abin harbin daga kusa, suka rasa nauyi, suka tsaya a sama-sama. Dalilin a fili yake. Harsashin farauta na dalma mai siririyar rigar jan ƙarfe an ƙera shi ne ya baje bayan ya yi tafiyar mita ɗari biyu ko uku, gudunsa ya ragu. A yadi 15 yana isa da kusan dukkan gudunsa, sai rigar ta yage. Ke nan ƙarin albarushi na iya rage nutsewa.

Sai dai a lura da iyakar gwajin. Taɓo ba ya motsi, kuma harsasan da aka gwada na kasuwar wancan zamani ne. Yadi 15 ɗin ma, beyar da ya riga ya ɗauki gudu yana cinye su cikin daƙiƙa ɗaya.

Ƙirar harsashi

Ma'aunin da ya fi amfani a nan shi ne nauyin harsashi idan an raba shi da faɗinsa sau faɗinsa, a lissafin fam da inci. Harsashin .30-06 mai giram 14.3 yana ba da 0.331, na .338 mai giram 16.2 yana ba da 0.313, na .375 mai giram 19.4 kuma 0.305. Wato dogon harsashi mai nauyi na tsohuwar .30-06, wadda sojojin Amurka suka fara amfani da ita a 1906, bai gaza manyan ba a wannan ma'auni, ko da yake .375 ta fi shi ƙarfin bugu nesa ba kusa ba: kimanin jul 5,800 a bakin bindiga, shi kuma kimanin 3,850.

Tun 1948 John Nosler ya fito da Partition, harsashi mai katanga a tsakiya, wanda gabansa ke bajewa bayansa kuma ya ci gaba da kutsawa. Daga baya aka sami waɗanda aka manne dalmarsu da rigar, irin su Swift A-Frame, da na jan ƙarfe zalla irin na Barnes. Waɗannan sun rage tazarar da ke tsakanin matsakaitan bindigogi da manya. Ga masu .45-70, wadda ta samo asali tun 1873, akwai harsashin taurarriyar dalma mai faffaɗan kai, wanda ba ya bajewa sosai amma yana ratsa ƙashi a miƙe.

Hukumomi ma ba su nemi mafi girma ba. Ƙa'idar Gwamnan Svalbard kan kariya daga farin beyar ta sa .308 Winchester ko .30-06 a matsayin mafi ƙanƙanta, da harsashi mai bajewa wanda bai gaza giram 11.5 ba, mai ƙarfin jul 2,700 a mita 100. Sashen Kifi da Namun Daji na Alaska ya ambaci .300 Magnum, ko bindigar tsuntsaye mai lamba 12 da aka ɗura wa dunƙulallen harsashi guda.

Abin da ya faru a daji

Tom Smith, Stephen Herrero da abokan aikinsu sun tattara arangamomi 269 da aka yi a Alaska daga 1883 zuwa 2009. Dogayen bindigogi sun yi nasara a kashi 76 cikin ɗari, na hannu a kashi 84, kuma bambancin bai kai na a zo a gani ba a ƙididdiga. Beyar ya ji wa mutane rauni a arangamomi 151. Da aka bi dalilan gazawa, ƙarancin lokaci ne kan gaba, da kashi 27. Sauran sun haɗa da cijewar bindiga, kuskuren saiti, ƙarewar harsashi, da barin sakatar kariya a rufe. Dole a yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin daga rahotanni da jaridu aka samo da yawansu, kuma labarin da aka zubar da jini ya fi saurin shiga jarida. Duk da haka, jerin dalilan ya fi nuna matsalar hannu da lokaci.

Abin da ya auku a Svalbard a Agustan 2011 ya ƙarfafa wannan. Farin beyar ya shiga sansanin matasa 'yan Birtaniya ya kashe ɗaya. Akwai bindigar Mauser a sansanin, amma ta ƙi tashi sau da dama saboda matsayin da sakatarta take, kafin daga bisani a harbe dabbar.

Nan ne shurin bindiga ya shigo lissafi. .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912 kuma ta yi suna a farautar ɓauna a Afirka, tana shurin kafaɗa kusan ninki biyu na .30-06, .458 kuwa kusan ninki uku. Wanda ke tsoron bindigarsa ba ya yawan atisaye da ita, yana runtse ido kafin ya ja kunama, kuma harbinsa na biyu yana makara. Ga ɗan jagoran farauta da ke bin beyar mai rauni cikin sarƙaƙiya, .375 ko .458 ta dace, tunda ya saba da ita. Ga ma'aikacin gandun daji ko masanin duwatsu da ke harbi jefi-jefi, hujjojin sun fi karkata ga .30-06 ko .338 mai gajeren bututu, da harsashi mai nauyi da ba ya tarwatsewa.

Akwai kuma binciken 2008 na Smith da abokansa kan feshin barkono a Alaska, inda ya dakatar da jan beyar a kashi 92 cikin ɗari, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi suka tsira ba rauni. Ba za a gwama shi kai tsaye da na bindiga ba, don ba duk beyar da aka fesa wa ne ke kawo hari ba. Wanda kuma ya kashe beyar don kare rai ko dukiya a Alaska, doka ta wajabta masa kai rahoto, ya miƙa wa hukuma fatar da faratanta da ƙoƙon kan.